Rafin Dutse: Yadda Ruwan Sa'a Guda Ke Kwashe Ƙasar Shekaru

A kudu maso gabashin Faransa, kusa da garin Digne-les-Bains, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Draix. A bayansa akwai rafuka biyu da suka daɗe suna ɗaukar hankalin masana ruwa, ɗaya Laval, ɗaya Brusquet. Maƙwabtan juna ne, ƙasarsu kuma iri ɗaya, wani baƙin dutse mai taushi wanda yake marmashewa da zarar sanyi da rana sun gama aikinsu a kansa. Faɗin ƙasar da ke zuba ruwa cikin Laval hekta 86 ne, na Brusquet kuwa hekta 108. Ruwan saman da ke sauka a yankin wajen milimita 900 ne a shekara, bai yi nisa da abin da Kano ta saba samu ba. Tun shekarun 1980 ake auna duk abin da ya fito ta bakin waɗannan rafuka, ruwa ne, laka ce, ko tsakuwa. Laval yana fitar da fiye da tan 100 na ƙasa daga kowace hekta a shekara. Brusquet ko tan 1 ba ya kaiwa. Abin da ya raba su shi ne, an dasa wa Brusquet daji a ƙarshen ƙarni na 19, yau itatuwa sun rufe kusan kashi 87 cikin 100 na jikinsa, shi kuwa Laval kashi biyu cikin uku nasa tsirara yake.

Duk wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare, a dasa itatuwa a huta. Akwai gaskiya babba a ciki, kuma za mu komo kanta. Amma abin da shekaru arba'in na awo suka nuna a Draix da takwarorinsa ya fi haka zurfi, kuma ya shafi duk wanda ke gina gada, ko madatsa, ko gida a gindin tsauni.

Kowane rafi yana da ƙasar da ke shayar da shi. Idan ka tsaya a bakin rafi ka bi ƙololuwar tuddan da ke kewaye da ido, duk ɗigon da ya faɗo cikin wannan da'ira ta gabanka zai wuce, muddin ƙasa ba ta riƙe shi ba, rana kuma ba ta ɗauke shi ba. Wannan da'ira ita ce matattarar rafin. Kamar ƙwarya ce da aka karkata aka fasa mata baki ɗaya. Babban kogi irin Kwara yana da matattara mai faɗin ƙasashe, a yi ruwa a nan, can kuma ana rana, komai ya haɗu ya daidaita. Ruwan da ya sauka a tuddan Gini a damina sai wajen Disamba da Janairu yake cika kogin a Yamai. A irin wannan kogi ne karin maganar nan ta da yayyafi kogi kan cika take zama daram. Rafin dutse mai matattarar murabba'in kilomita ɗaya ko biyar ba haka yake ba. Hadari guda ya isa ya rufe shi kaf, gangarensa kuma ba ya barin ruwa ya tsaya shawara. Daga ɗigon farko zuwa cikar rafi, sau da yawa minti 20 ko 30 ne.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ne. Idan milimita 30 suka sauka cikin rabin sa'a, lita miliyan 30 ke nan. A ce rabinsu ne suka gangaro cikin sa'a guda, rafin da jiya yaro ke tsallake shi zai riƙa wuce da fiye da lita 4,000 a kowane sakan. Waɗannan milimita 30 ɗin, da a ce sun sauka a hankali cikin kwana biyu, wataƙila launin rafin ma ba zai sauya ba. Shi ya sa jimillar ruwan shekara, wadda ita aka fi rubutawa a rahotanni, ba ta cika gaya mana abin da rafin dutse zai yi ba. Ƙarfin saukar ruwan a mintuna 10 ko 15 mafi tsanani shi ne abin dubawa.

Sai kuma abin da ƙasa ta yi da ruwan. A 1933 wani injiniya Ba'amurke, Robert Horton, ya tsara bayanin da kowane manomi ya san asalinsa: ƙasa tana da iyakar abin da take iya sha a cikin sa'a, idan ruwan sama ya fi ƙarfin wannan iyaka, ragowar sai ta malala a sama. Babban ɗigon ruwa yana faɗowa da gudun kusan mita 9 a sakan. In ya sami ƙasa tsirara sai ya farfasa ɓurɓushinta, ƙananan ƙwayoyin su toshe ƙofofin da ruwa ke shiga, a sami wani ɓawo a sama wanda kaurinsa bai wuce na farce ba amma yana hana ruwa shiga kamar daɓe. Mu muna da sunan wannan tun kafin Horton, fako. A Laval abin da ke faruwa ke nan, haka ma a duk dutsen da ciyawa ta bar shi.

An daɗe ana zaton ko'ina haka abin yake, sai da masu bincike suka shiga dazuzzukan duwatsu suna tsayawa cikin ruwan sama suna kallo. John Hewlett a Coweeta, cikin tsaunukan gabashin Amurka, ya lura cewa ruwa ba ya gudu a saman ƙasar daji sai da ƙyar, amma duk da haka rafin yana tasowa. A 1970 Thomas Dunne da Richard Black suka nuna a jihar Vermont cewa galibin ruwan da ke cika rafi daga wani ɗan yanki yake fitowa, wato gefen rafi da kwaruruka inda ƙasa ta riga ta ƙoshi har ruwa ya taso sama. Wannan yanki yana faɗaɗa idan aka jera kwanaki ana ruwa, yana tsukewa idan aka ɗauke. Saboda haka hadari iri ɗaya zai iya sauka sau biyu a matattara ɗaya, na farko a kan busasshiyar ƙasa rafi ya ɗan motsa kawai, na biyu a tsakiyar marka rafi ya tumbatsa. Wani abin mamaki da binciken sinadaran ruwa ya gano daga baya shi ne, a rafukan daji yawancin ruwan da ake gani ranar ambaliya tsohon ruwa ne da ke kwance cikin ƙasa tun makonni ko watanni, sabon ya zo ya turo shi waje.

Kayan da ruwa ke ɗauka iri biyu ne idan aka ajiye gishirin da ya narke a ciki. Akwai laka da lallausan rairayi masu tafiya a cikin jikin ruwan, su ne ke mai da shi ja ko baƙi. Auna su da sauƙi, a ɗebo a kwalba, a tace, a busar, a ɗora a sikeli. A Laval an sha samun ɗaruruwan giram na laka a cikin lita ɗaya, abin ya fi kama da kunu. Sannan akwai tsakuwa da duwatsu masu birgima da tsalle a ƙasan rafi. Waɗannan ba sa motsi ko kaɗan sai ƙarfin ruwa ya kai wani mizani, in ya wuce shi kuma abin ba a hankali yake ƙaruwa ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta masana ruwa da ke cewa idan gudun ruwa ya ninka sau 2, nauyin dutsen da zai iya turawa yakan ninka kusan sau 64. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya fahimtar da mutum dalilin da ya sa rafi zai yi shekara yana wuce wani dutse, rana ɗaya ya ɗauke shi tare da 'yan'uwansa.

Injiniyoyi sun so su kama wannan da lissafi. Shahararriyar dabarar ita ce ta Meyer-Peter da Müller, wadda suka fitar a 1948 bayan gwaje-gwaje a magudanar ɗakin bincike a Zurich, kuma har gobe ana koyar da ita. A kogi mai shimfiɗaɗɗiyar tsakuwa tana yin abin kirki. Da aka gwada ire-irenta a rafukan dutse masu tsananin gangare, sai aka ga suna zarce abin da aka auna sau 10, wani lokaci sau 100 ko fiye. Dalili biyu ne. Ƙasan rafin dutse matakala ce ta manyan duwatsu da kututturan itace, ruwa ya faɗo daga wannan ya tumurmusa a ɗan gurbi, ya sake faɗawa na gaba, ƙarfinsa da yawa a nan yake ƙarewa. Na biyu kuma shi ne wanda na fi ganin muhimmancinsa: rafi ba ya ɗaukar abin da bai samu ba. Ƙarfi yana nan, kaya ne babu. Manyan duwatsu sun yi wa ƙasan rafin sulke, ƙananan suna ɓoye a ƙarƙashi.

To daga ina kayan ke zuwa? A Draix ana iya bin sawunsu wata-wata. Da hunturu ruwa yana daskarewa cikin tsagogin dutse da dare ya narke da rana, har saman dutsen ya zama gari. Hadarin bazara da na lokacin zafi, masu ƙarfi amma gajeru, su share wannan gari daga gangare su jibge shi a kwazazzabai, ruwan ya ƙare kafin ya kai shi waje. Sai dogon ruwan ƙarshen shekara ya zo ya wanke kwazazzaban. Ambaliyar da ta fitar da laka ba lalle ita ce ta kankare ta daga dutse ba. Ko a cikin ambaliya guda, sau da yawa laka tana kai ƙololuwarta kafin ruwa ya kai tasa, domin abin da ke kusa an riga an kwashe. Wanda ya taɓa kallon kwata ranar ruwan fari ya san wannan, dattin rani duka a wannan rana yake tafiya, ruwa na biyar ko da ya fi ƙarfi ba ya kai shi dauɗa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Rio Cordon, wani rafi a tsaunukan Dolomites na arewa maso gabashin Italiya, mai matattarar murabba'in kilomita 5. A 1986 aka gina masa tashar awo, da wata karkatacciyar raga ta ƙarfe wadda ke barin ruwa da yashi su zube ƙasa, manyan tsakuwa kuma su gangara wani fili inda ake auna yawansu. Shekara takwas rafin yana kawo kaya kaɗan-kaɗan. Ranar 14 ga Satumba 1994 aka yi wani ɗan gajeren hadari mai tsanani, ruwan ya kai lita 10,400 a sakan, cikin 'yan sa'o'i ya sauke kusan kyubik mita 900 na duwatsu da tsakuwa a tashar, lodin tifa 90 ke nan idan kowace na ɗaukar 10. Wannan rana ɗaya ta fi duk shekarun da suka gabace ta a haɗe. Abin bai tsaya nan ba. Ambaliyar ta fasa sulken ƙasan rafin, ta rushe matakalarsa, ta yanke gindin gaɓoɓi, saboda haka shekaru bayan nan ƙananan ambaliyoyin da a da ba sa iya komai suka riƙa kawo kaya fiye da yadda suka saba, har rafin ya sake ɗaura sulkensa. Sai kuma ƙarshen Oktoba 2018, guguwar da aka kira Vaia ta kayar da miliyoyin itatuwa a wannan yanki, Rio Cordon ya kawo dubban kyubik mita, ya mai da na 1994 ƙarami.

An ga irin wannan a Erlenbach ta ƙasar Suwizalan, ɗan rafi mai matattarar da ba ta kai murabba'in kilomita 1 ba, inda ruwan shekara ke kai wajen milimita 2,300. Tun 1986 cibiyar binciken daji da dusar ƙanƙara ta ƙasar, WSL, ta shimfiɗa faranta na ƙarfe a ƙasan rafin da na'urori a ƙarƙashinsu masu jin bugun kowace tsakuwa da ta wuce. Manyan ambaliyoyi uku, na 1984 da 1995 da 2007, kowace ta bar rafin a kwance, yana sakin kaya cikin sauƙi har shekara ko fiye. Rafin dutse yana da tuni. Abin da zai yi da ruwan yau ya danganta da abin da ya same shi bara da bara waccan.

A nan nake ganin babban kuskuren da ake yi a ofis. Mai tsara madatsa yana son lamba ɗaya, tan nawa a shekara, ya ninka da shekara 50 ya san lokacin da tafkin zai cike. Da an rufe tashar Rio Cordon a 1993 bayan shekara bakwai na awo mai kyau, da an sami lamba, a buga ta, a gina a kanta, alhali ba ta ga ko ɗaya daga ranakun da suka yi aikin gaske ba. Binciken shekara biyu ko uku, irin wanda kuɗin tallafi ke ɗauka, yana iya zama daidai a kowane awo amma ya ɓatar da mutum a jimilla.

Mu koma kan daji. Faransawa sun daɗe da wannan muhawara. A 1841 injiniya Alexandre Surell ya wallafa nazarinsa kan rafukan tsaunukan Alps, ya ɗora laifin ɓarnarsu a kan sare daji da yawan kiwo. Bayan manyan ambaliyoyin 1856 gwamnati ta kafa dokar dasa daji a duwatsu a 1860. Makiyaya suka ƙi, domin makiyayarsu ake ƙwacewa, dole aka sassauta da wata doka a 1864, aka kuma sake tsarin a 1882. Dajin Brusquet daga wannan zamani ya fito. A kan zaizayar saman ƙasa da ƙananan ambaliyoyi na kowace shekara, babu jayayya, daji yana aiki: ganye ya tare ɗigo, busasshen ganye ya hana fako, saiwa ta riƙe ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya. Amma mutanen Suwizalan, waɗanda suka fara kwatanta rafi mai daji da mai ƙarancin daji a Emmental tun 1903, su da wasu bayansu sun ga cewa idan ruwa ya kai wani matsayi, ƙasa ta ƙoshi, tazarar da ke tsakanin rafukan biyu tana raguwa ƙwarai. Soso in ya cika ya cika. Zaftarewar ƙasa mai zurfi kuma tana tsagewa ne a ƙasa da inda saiwa ke kaiwa, ta tafi da dajin gaba ɗaya, kututturan su je su toshe gada.

Wannan iyaka tana da muhimmanci saboda adalci. A shekarun 1970 da 1980 an yi ta yayata cewa talakawan manoman Nepal masu saran itace su ne ke jawo ambaliyar Bangaladesh. A 1989 Jack Ives da Bruno Messerli suka fitar da littafinsu a kan tsaunukan Himalaya, suka nuna cewa hujjar ba ta da ƙafa: abin da ke faruwa a ƙaramar matattara ba ya miƙewa kai tsaye zuwa kogin da ke nesa da ɗaruruwan kilomita, duwatsun kuma suna zubewa da kansu saboda tsayinsu da girgizar ƙasa da ƙarfin damina. Ƙasar da ta bar gona ma yawancinta ba ta zuwa ko'ina da wuri, tana kwanciya a gindin gangare ko a bakin rafi shekaru da yawa. Sau da yawa kuma mai laifin ba manomi ba ne. A dajin bincike na H. J. Andrews a jihar Oregon, nazarin 1975 ya nuna cewa a yankin da ƙasa ba ta da ƙarfi, hanyoyin motar ɗaukar katako sun haddasa zaftarewa fiye da saran dajin kansa nesa ba kusa ba. Hanya tana yanke gangare, ta tara ruwan wuri mai faɗi ta zuba shi ta kwalbati ɗaya, a nan kwazazzabo ke farawa.

Akwai matakin da ruwa da kaya ke daina zama abu biyu. Idan laka da duwatsu suka kai rabin abin da ke gangarowa, sai ya zama kamar kwaɓin kankare, nauyinsa kusan ninki biyu na ruwa, manyan duwatsu a gaba suna tafe kamar bango. A Illgraben, cikin kwarin kogin Rhône a Suwizalan, wannan yana faruwa sau da dama a galibin shekaru, har an kafa wani babban faranti a ƙasan rafin mai auna nauyin abin da ya bi ta kansa, da ƙararrawar gargaɗin mutane. Inda irin wannan kaya ke zubewa shi ne inda rafi ya fito daga dutse ya sami fili, ya baje kamar mafici. Wurin yana da daɗin gini, ga tudu-tudu ba ya riƙe ruwa, ga ruwan rijiya kusa, ga ƙasa mai kyau. Amma rafin ne ya gina shi da kayan ambaliyoyin baya, kuma bai gama ba. Ranar 7 ga Agusta 1996, kusa da Biescas a tsaunukan Pyrenees na Sifaniya, mamakon ruwa ya sauka a matattarar rafin Arás, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 18. An daɗe da gina wa rafin jerin ƙananan madatsai na tare tsakuwa, sun kuma cika. Yawancinsu suka fashe, kayan da suka tara shekara da shekaru suka sauko lokaci ɗaya kan wani sansanin masu yawon shaƙatawa da ke kan wannan mafici. Mutum 87 suka rasu. Madatsar tare kaya aro take yi wa mutane na lokaci, tana bukatar a riƙa duba ta ana gyarawa muddin akwai mai kwana a ƙasanta.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne a wannan magana. Koramar Telwa tana saukowa daga duwatsun Azbin ta bi ta gefen Agadas, garin da ruwansa na shekara ba ya kai milimita 200 a galibin shekaru. Yawancin shekara yashi ne zalla. Duwatsun da ke sama kuwa falale ne, ba sa shan komai, hadari ɗaya ya isa ya cika ta daga gaɓa zuwa gaɓa. A farkon Satumba 2009 ta fasa shingen da ke kare garin, dubban gidaje suka rushe. Wannan ruwa dai shi ne ke nutsewa cikin yashin korama ya cika rijiyoyin da lambunan Azbin ke sha, inda ake noman albasar da ke zuwa kasuwanninmu. Lakar ma haka take, ita ce ke sabunta fadama, ita ce ta ciyar da Masar daga tuddan Habasha dubban shekaru kafin madatsar Aswan ta tare ta. Idan aka hana kogi kayansa gaba ɗaya, sai ya koma cin gindinsa da gaɓoɓinsa a ƙasan madatsa.

A yankin Sahel an ga wani abu da ya rikita masana tun shekarun 1980: ruwan sama ya ragu da farin da aka yi, amma ruwan da ke malala zuwa koramu ya ƙaru. Ciyawa da itatuwa sun tafi, fako ya bazu, ƙasa ta daina sha. Koramun da ke kewayen Yamai suka riƙa tura yashi cikin kogi. Horton ne tsantsa. A kan haka kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Iska mai ɗumi tana riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, kuma a gajeren ruwa mai ƙarfi ake fi jin wannan, wato daidai irin ruwan da ƙaramar matattara ke amsawa.

Maganin ma ba baƙo ba ne. Mutanen duwatsun Mandara sun yi ƙarnuka suna jera duwatsu suna mai da gangare matakala, gonakin Sukur na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999. A Adar, aikin Keita da aka fara a 1984 ya bi tuddai da jeren duwatsu da ramuka da dashe, mata ne suka yi mafi yawan aikin, ga kuma ramukan tassa da na rabin wata da suka farfaɗo da fako a ƙasar Tawa. Hikimar duka ɗaya ce, a tare ɗigo kusa da inda ya faɗi, kafin ya haɗu da 'yan'uwansa ya yi ƙarfi. Sai dai matakalar dutse ma madatsa ce ƙarama. A tsaunukan Sifaniya, inda mutane suka bar gonakin tudu suka koma birni, an ga katangun suna ɓallewa suna sakin ƙasar da suka riƙe. Duk inda rashin tsaro ko talauci ya kori manomin dutse daga gonarsa, wannan haɗari yana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne awo. Daga shekarun 1950 masu binciken cibiyar ORSTOM ta Faransa sun auna ƙananan matattarai da dama a Afirka ta Yamma, daga ciki Rodier da Auvray suka fitar da hanyar ƙiyasta babbar ambaliya a 1965, wadda aka sabunta daga baya, injiniyoyi kuma suka daɗe suna auna girman kwalbati da ita. Ƙasar da aka auna a wancan lokaci ta sauya, ruwan ma ya sauya. Ba sai an sayi farantan Erlenbach ba kafin a fara. Ma'aunin ruwan sama mai rubuta mintuna, sanda mai lamba a jikin gada, kwalaben ɗiban ruwa, da awon zurfin lakar ƙaramin dam kowane rani, sun isa su ba da abin da babu shi yanzu, in dai an sami mutumin wurin da ake biya ya fito ranar hadari, shekara 20 ba fashi. Kafin a kai ga haka, akwai shaidar da ke kwance a fili wadda mai safiyo zai iya rubutawa a yini ɗaya: layin laka a jikin tsohon bango, tabon da duwatsu suka yi wa kututturen itace, inda dattawan gari suka ce ruwa ya taɓa kaiwa, da girman dutse mafi girma da ke zaune a filin da ake shirin yankawa fuloti a bakin korama.